Fagen Maccido

Da za a ce a fito da mutum guda a Tungar Mode wanda Allah bai halitta don kokawa ba, ko yaro aka tambaya Maccido zai nuna. Gajere ne, siriri, ga ƙafafu kamar sillen kara. Sau ɗaya tak ya taɓa shiga fage yana saurayi, kuma kafin makaɗi ya gama tuno sunan kakansa har an ɗaga shi an ajiye a ƙasa. Waɗanda suka gani sun ce a hankali aka ajiye shi, don abokin karawar ma tausayinsa ya ji. Daga ranar ya haƙura da kama ƙato, amma son abin bai bar shi ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Duk wanda ya san ƙauyukan bakin Gulbin Rima da kewayensa a zamanin Turawa, daga Goronyo zuwa Wurno har Rabah, ya san babu kokawar kaka irin wadda ake yi a gonar Maccido.

Na ce gona ne kawai don haka aka kira ta ranar rabon gado. Da mahaifinsu ya rasu, yayyensa suka ɗauki fadama da jigawa, shi kuwa aka nuna masa wani fako a gabashin tunga, aka ce Allah ya sa albarka. Ƙasa ce mai tauri, in ka sara fartanya sai ta dawo maka. Shekarar farko ya shuka gero, abin da ya samu ko kajin gidansa bai ƙosar ba. Ya sake gwadawa, aka sake yi masa dariya. Daga nan ya bar ta, ya koma yi wa mutane ƙodago a fadama, yana ciyar da matarsa Tani da abin da ya samu.

Yaran tunga ne suka fara gane amfanin wurin. Shimfiɗaɗɗe ne, babu ƙaya, babu kututture, saboda haka da la'asar sai su taru suna kayar da juna. Da wani ne, da ya kore su da sanda. Maccido zama ya yi a gefe yana kallo, yana gaya wa wannan ya sunkuya, yana gaya wa wancan ya kula da ƙafarsa ta hagu, shi da bai taɓa kayar da ko ɗan akuya ba. Da ya ga ƙasar tana goge musu gwiwa, sai ya ari jaki ya dinga kwaso yashi daga gulbi yana zubawa. Ya kafa rumfa, ya ajiye randar ruwa. Samari suka bi yara, makaɗa suka bi samari.

Abin da Allah ya hana shi a damtse kuwa ya ba shi a baki. Da an fara yanke gero sai ya ɗauki sandarsa ya shiga kasuwanni. Ya sami ƙaton da ake ji da shi a Wurno, ya gaishe shi, ya yi shiru kamar mai jin nauyin magana, sannan ya ce shi dai bai so ya faɗa ba, amma ya ji na Rabah yana cewa a Wurno albasa kawai aka iya. Ya wuce Rabah ya juya maganar. Ya dawo ta Goronyo ya ce su biyun sun haɗu a kan cewa ba a ma sa Goronyo a lissafi. Kowa ya san halinsa, kowa ya san rabin maganar ƙari ce, amma duk da haka sai jini ya motsa. Ranar da ya sa kuwa sai ka gan su sun iso da layu da makaɗa da 'yan rakiya, har da mutanen da ke ƙetaro iyaka daga ƙasar da Faransa ke mulki.

Kwanakin wasan nan su ne sallar Tungar Mode ta uku. Kowane magidanci yakan share zaurensa ya sauki baƙi, kuma baƙo ba ya tafiya bai bar wani abu a ƙarƙashin tabarma ba. Asabe mai masa, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya, takan kafa tanda tun hantsi. Mu'azu mahauci, abokin Maccido tun suna yara, wanda a sauran shekara sai ranar kasuwa yake yanka akuya guda, a kwanakin nan shanu yake kayarwa. Fulani su kawo nono, mai fito ya wuni yana tuƙi, tsofaffi su sayar da harawa, wanzamai su yi aski har hannu ya gaji. Shi kuwa mai fagen babu wanda ke ba shi ko anini, bai kuma taɓa tambaya ba. Rabonsa yana zuwa bayan an watse. Jakuna da dawakai da raƙuman da aka ɗaure kewaye da fage sukan bar masa taki, mata su bar masa toka, shi kuma ya bi da kwando yana bazawa. Shekara bisa shekara gefen fakon ya yi laushi, har ya fara ba da geron da ake tsayawa a kalla.

Tani takan tsaya ta riƙe ƙugu ta ce, "Malam, mutane na tara kuɗɗi, kai kana tara kashin jakkai."

Shi kuma ya ce, "Kuɗɗinsu na ƙarewa kahin damana. Nawa kuwa sai damana ta hwaɗi shika hwara aiki."

Gaskiya dai ba takin ne ya dame shi ba. Da fagen ba ya ba da ko zangarniya guda, da haka zai ci gaba da kwaso yashi. Abin da ke ransa shi ne, shi da aka raina ranar rabon gado, ga shi ƙasashe uku suna taruwa a kan rabon nasa.

Ana nan, 'yan shekaru bayan shekarar da fara ta cinye amfanin gona, mutane sun fara farfaɗowa, sai magana ta zo daga sama. Hukuma ba ta jin daɗin taro mai yawa haka a ƙaramar tunga inda babu ko ɗan doka guda, ga baƙi suna ƙetaro iyaka. An ce za a mayar da wasan Goronyo, kusa da idon ubanƙasa. Amma kafin a yanke, za a aiko malami ya zauna a wasan bana ya ga ko yana kawo wa tungar wani amfani. In yana kawowa a bar musu abinsu, in kuwa wahala ce kawai a sauke musu ita.

Hakimin tunga, wani dattijo mai suna Attahiru, ya tara magidanta a zaurensa. Kada mai karatu ya yi saurin zarginsu da abin da suka shirya. Talakan wancan zamani ya daɗe da koyon cewa in mutumin hukuma ya tambaye ka me kake da shi, ba don ya ƙara maka yake tambaya ba. Da an hango shi daga nesa akan kora awaki daji, maigida ya nemo rigar da ta fi kowace tsufa ya sa, ya fito yana tari. Da wannan dabarar suka rayu, ba kuma su da wata.

Hakimi ya ce, "Kun san yadda anka saba da mutanen ga. Wanda duk anka tambaya, shi ce hasara ta. Baƙi na cinye muna hatsi, bisashensu na cinye muna harawa, zumunci ɗai yas sa muka haƙuri."

Kowa ya gyaɗa kai, ban da Maccido. Ya matso gaba ya ce, "Ranka shi daɗe, in munka ce hasara ta, ai ɗauke wasan za a yi."

"Turawa na hwaɗin abu su manta," in ji hakimi. "Amma in sunka ji ƙanshin riba, wannan ba su manta shi. Maccido, ni ma ina son wasan ga. Sai dai ban taɓa jin an ɗaure mutum don bai kalli kokowa ba. Don haraji kuwa an ɗaure, kai ma shaida na. Ba kowa nika tsoro ba cikin zauren ga sai bakinka. Ciki ba don tuwo ɗai anka yi shi ba."

Aka yi dariya, shi ma ya yi, ya ɗauki alkawari zai kama bakinsa. Da ya fito daga zauren sai ya ga lamarin ya zama gaba kura baya sayaki.

Ranar wasa malamin ya iso a kan wata ramammiyar goɗiya. Sunansa Malam Yusha'u, saurayi ne mutumin Wurno, mai sanyin murya, ba ya wuce babba bai rusuna ba. Bai zo da tsawa ba, bai zo da dogari ba. Yawo kawai yake yi cikin taro yana gaisawa da mutane yana tambaya, mutanen Tungar Mode kuwa suka yi masa abin da suka iya.

Ya tsaya wurin Asabe, hannunta ko tsayawa ba ya yi tsakanin ƙullu da tanda, masu saye sun yi mata zobe. Ya ce ko ana samu? Ta ce, "Wane samu, Malam? Mai tsada, shinkahwa tsada. Kunyar baƙi ɗai ta hiddo ni." Ya wuce wurin Mu'azu, ya same shi jini har gwiwar hannu. Mu'azu ya marairaice ya ce, "Saniya guda ta, Malam, ita ma ƙahwa ta karye mata, munka ce kada ta yi mushe." Malam Yusha'u ya dubi kawunan shanun da ke jere a bayansa, ya ce Allah ya kiyaye gaba. Duk zauren da ya leƙa, maigida zai ce baƙi sun kusa ganin gindin rumbunsa. Shi kuwa Maccido da ya hango malamin ta gabas sai ya bi ta yamma, har aka gama wasan bai bari sun haɗu ba.

Washegarin da aka watse, da hantsi, yana fage da kwandonsa yana kwasar taki, sai ga Malam Yusha'u ya jawo goɗiyarsa zai kama hanya. Ya tsaya ya gaishe shi, ya ce, "Baba Maccido, kai ɗai ban ji ta bakinka ba, ga shi an ce hwagenka na."

Maccido bai ɗago ba. Ya ce, "Ni mi nis sani, Malam? Shara ɗai nika yi."

"To, shi ke nan. Kowa ya ce wahala ta da hasara, abin da anka hwaɗa mani kuwa shi za ni kaiwa. Baɗi sai a yi shi Goronyo, ku ma ku huta."

Kalmar hutun nan ita ta karya shi. Ya dubi yashin da ya kwaso da bayansa da na jakin aro, ya dubi rumfar da ya yi shekaru yana sake wa baki, ya ji zuciyarsa ta yi masa zafi. Wato a zo a ɗauke masa abin da ya fi so a duniya, a kuma ce an taimake shi. Ya ajiye kwando ya ce, "Malam, ɗaure goɗiyar ga. Taho ka gani."

Ya ja shi gefen fage inda mata suka yi girki. Duwatsun murhu ne baƙi ƙirin, uku-uku, sun kewaye wurin har ido ya gaji. Ya ce, "Wa ka hura wuta hakanga don shi yi hasara?" Ya tsoma sandarsa cikin tokar da ke bayan rumfar Asabe, ta nutse har kusan rabi. Ya kai shi bayan rumfar Mu'azu, ya ture wata tsohuwar zana da ƙafa, ga ƙahoni tsibi, ƙudaje na bi. Ya nuna masa ganyen da aka kwance goro a warwatse ko'ina, da ɓawon rake, da sandunan tsire. Ya gangara da shi mashaya ya nuna masa yadda ƙafafun masu sauka daga jirgi suka zabtare gaɓar gulbi. Yana yi yana bayani kamar uban da aka ce ɗansa ba shi da amfani.

Malam Yusha'u ya tsayar da shi. Ya ce, "Baba, dakata. Abin da kaka hwaɗa mani ba wurina shika tsayawa ba. Akwai waɗanda za su ji shi, kuma ba kokowa tad dame su ba. Toka da ƙahoni sun isa. In ce wasan na da amfani, mu tsaya nan."

Da ya tsaya nan ɗin, wataƙila da labarin ya canza. Amma Maccido ya ji tsoro kada kalmar amfani ita kaɗai ta yi sauƙi a hannun manya, su ce kaɗan ne, su ɗauke wasan duk da haka. Ya ce, "A'a, Malam, in za ka kai, kai musu shi da nauyinai." Sai ya koma kan mutane. Ya faɗi yadda Asabe ta yi wa 'yarta kayan ɗaki da masar shekara biyu. Ya nuna soron da Mu'azu ya gina. Ya faɗi wanda ya sayi shanun noma, da wanda ya ƙara aure, da inda kuɗin dokin hakimi ya fito. Da gaskiyar ta ƙare bai ji ya gamsu ba, sai ya ɗan ƙara gishiri yadda ya saba a kasuwa. Ya manta cewa ƙarin da ke sa ƙato fushi a Rabah, a nan rubuta shi ake yi. Malam Yusha'u kuwa mutum ne mai riƙon amana, abin da bai ji ba ba ya ƙirƙira, abin da ya ji kuma ba ya ɓoyewa. Ya hau goɗiyarsa ya tafi fuskarsa ba walwala.

Da Maccido ya koma gida Tani ta dube shi sau ɗaya ta gane. Ta ce, "Malam, ka hwaɗi?"

"Na hwaɗi."

"Duka?"

"Had da ƙari."

Ta ajiye muciya ta yi salati.

Kafin ruwa ya sauka saƙo ya zo cewa an bar wa Tungar Mode wasanta, tunda an ga yana da amfani ga jama'a. Maccido ya yi murna har ya kasa zama wuri ɗaya. Mutane ma suka yi murna, wasu har suna cewa ashe dabarar hakimi ta ci. Shi ya san ba ita ce ta ci ba, ya yi shiru, yana fatan abin ya tsaya haka.

Bai tsaya haka ba. Da kaka ta yi, hakimi ya je Goronyo karɓo rabon harajin shekara, ya dawo ko sirdi bai jira an kwance ba ya sa aka kira magidanta. An ƙara wa Tungar Mode haraji, ƙari mai nauyi, don an gano ashe wuri ne mai ciniki. An kuma karanta masa dalilai, har da soron Mu'azu da dokinsa shi kansa. Ba a buƙaci a tambayi wanda ya faɗa ba. Hausawa sun ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma wannan ruwan kowa ya doka, har waɗanda ba su taɓa sayar da ko damin harawa ba. Wani ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe, wani ya jinginar da gona, samari suka tafi cin rani tun ba a gama sussuka ba. Babu wanda ya zagi Maccido, babu wanda ya ɗaga masa hannu. Gaisuwa kawai ta gajarce, in ya zauna a majalisa kuma sai hira ta mutu, har Mu'azu ya daina tsokanarsa.

Sai suka yi shawara ba da shi ba. Tunda cinikin wasa ne ya jawo ƙarin, to bana kada kowa ya yi ciniki. Kada a hura wuta, kada a yanka dabba, kada a buɗe zaure. In labari ya kai sama cewa wasan ba ya kawo komai, sai a mayar da haraji yadda yake. Haushin kaza ne aka huce kan dami, amma wanda aka ƙwace wa akuyarsa ta ƙarshe ba ya tsayawa dogon tunani. Tani ta jiyo maganar a bakin rijiya ta kawo masa. Ya ƙi yarda. Ya ce, "Garin ga bai taɓa barin baƙo da yunwa ba. Hushi ɗai na suka yi, zai wuce da sun ji ganga."

Taron shekarar ya fi na kowace shekara, don labari ya bazu cewa hukuma da kanta ta amince da fagen. Tun hantsi hanya ta cika. Maccido yana tsaye bakin fage yana yi wa mutane maraba, idonsa kuwa yana kan tunga, yana neman hayaƙi. Babu. Kowane zaure an saki asabari. Mu'azu an ce ya yi tafiya. Asabe ta aiko cewa kanta ke ciwo. Har mai fito sai da baƙi suka daɗe suna kira kafin ya turo jirgi. Maccido ya bi gida-gida yana sallama, yana roƙo, yana haɗa mutane da Allah, ana amsa masa daga ciki ba a fito ba. A ƙarshe ya je ya durƙusa gaban hakimi.

Hakimi bai iya haɗa ido da shi ba. Ya ce, "Ban hana kowa ba, ban kuma iya tilasta kowa. Hwagenka na, Maccido, baƙinka na."

Ya koma gida ya buɗe rumbunsa. Tani ba ta ce ai ta faɗa ba, ta ɗauki taɓarya. Ta yi daka har tafin hannunta ya yi kanta, shi kuma ya yanka awakinsu biyu da kajin da suka rage. Amma me tukunyar gida ɗaya za ta yi wa taron ƙasashe uku? Masu rabo suka sami loma, mafi yawa ko ƙanshi ba su ji ba. Dattawan da suka yi tafiyar wuni suka shimfiɗa buzu a gindin itace. An yi kokawar da la'asar, amma babu armashi, makaɗi ma da ƙyar yake ɗaga hannu. Maccido ya so a ce wani ya zage shi, ko ya ji sauƙi. Babu wanda ya yi. Da gari ya waye ƙaton Rabah ya zo har inda yake, ya rusuna ya ce, "Baba Maccido, mun gode, mun ga ƙoƙarinka. Allah shi saka." Kafin rana ta yi tsaka fagen ya koma ba kowa.

Wannan kunyar ita ta tsufar da shi. Shekarar da ta biyo ya sake ɗaukar sanda ya shiga kasuwanni, ya yi duk dabarun da ya sani. Aka tarbe shi da mutunci, aka ba shi wurin zama, kowa ya ce in Allah ya so. Ranar da ya sa ta zo, ya share fage, ya cika randa, ya zauna a rumfa har rana ta faɗi. Yaran tunga ne kawai suka zo. Ba da jimawa ba aka ji cewa 'yan kokawar da kansu sun shirya haɗuwa a Goronyo, ba tare da hukuma ta ce musu komai ba.

Ya rantse ba zai je ba. Ranar wasan Tani ta gan shi yana kaiwa da komowa tsakanin zaure da tsakar gida, sai ta ɗauko takalmansa ta ajiye masa a gaba. Ya sa, ya kama hanya.

Ya isa da azahar, ya tarar da taron da ya sani, fuskokin da ya sani, a kan ƙasar wasu. Hayaƙi ya tashi ko'ina. Yana ratsawa ta layin masu abinci sai ya ga Asabe a can ƙarshe, inda ake ba baƙi wuri, tana fama da tandar da ta ɗauko a kai tun daga tunga. Kusa da ita ga Mu'azu a rumfar aro, da ɗan naman tunkiya guda a gabansa, don manyan shanu na mahautan gari ne. Maccido ya so ya kauce, amma Mu'azu ya riga ya gan shi.

"Maccido, ka taho."

"Na taho."

Mu'azu ya zaro tsire guda ya miƙa masa. Maccido ya karɓa. Mu'azu ya ce, "Ba a rage muna ko anini ba. Hakimi ya tahi ya yi bayani, ya ce wasa ya mutu, a aiko a gani. Anka ce mai an riga an rubuta." Ya goge wuƙa a cinyarsa. "Ga mu nan, mu taso tun asuba, mu biya kuɗɗin kasuwa, mu ba mai runhwa nashi, abin da yar rage bai kai a hwaɗi ba."

Asabe ta bar tandarta ta matso, ta tsaya tana saurare. Mu'azu ya dube ta, ya dubi Maccido, ya rage murya. "Mun yi magana da hakimi. In munka hura wuta baɗi, munka buɗe zaure, kai kuma kas shiga kasuwanni kamar da, suna dawowa?"

Wannan ita ce maganar da Maccido ya daɗe yana jiran ya ji, ga ta ta zo. Ya juya ya dubi fage. Ƙaton Rabah yana shigowa, mai masaukinsa na Goronyo yana biye da shi da ƙwaryar fura, suna hira suna dariya kamar 'yan uwa. Maccido ya so ya ce suna dawowa. A baya ya sha faɗin abin da ya fi wannan nisa da gaskiya, an kuma yarda. Amma ya san mutanen nan fiye da yadda ya san kowa, kuma abokinsa ne ke tambaya.

Ya ce, "Ƙato na manta wanda yak kada shi, Mu'azu. Bai manta garin da yak kwana da yunwa. Ba su dawowa." Sannan ya ƙara da cewa, "Ni nik kashe rabi, ku kunka ƙarasa."

Mu'azu ya sunkuyar da kai. Asabe ta juya tana share ido da gefen zane, ta koma wurin tandarta, don masar ta fara ƙonewa.